Mu Ne 'Yan Girafi Na Zangon Kumasi

A watan jiya ne muka haɗu wajen wata jana'iza a Aboabo, mu uku, kowa da furfurarsa, ɗayanmu ma sai da sanda yake tashi. Wanda aka binne abokinmu ne tun muna yara. Ya yi tireda, ya yi tuƙin mota, ya je Makka, ya aurar da 'ya'ya har da jikoki, amma har ya koma ga Mahaliccinsa tsofaffin unguwa ba su daina kiransa Ɗan Girafi ba. Muna zaune a kan benci ana karɓar gaisuwa sai wani jikansa, saurayi mai hankali, ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah wai mene ne Girafi? Na ji kowa yana faɗa, ni na ɗauka sunan garinsu ne." Muka dubi juna. Wani ya yi dariya, wani ya share ido. Wurin makoki ba wurin dogon bayani ba ne, saboda haka muka yi masa alkawari za mu rubuta a wannan shafi domin shi da sa'o'insa su karanta. To, ga cikon alkawari.

Girafi dai ita ce Daily Graphic, jaridar da aka fara bugawa a Ankara, babban birninmu, a 1950, tun ƙasar nan tana amsa sunan Gwalkwas. Kamfanin Daily Mirror na Ingila ne ya kafa ta, daga baya ta koma hannun gwamnati a 1962. Ta yi suna har ya zamana duk wata takardar labarai a bakin mutane Girafi ce, ko da mai tuyar ƙosai ce ta yago ta naɗe maka. Akwai kuma Ghanaian Times da Evening News, waɗanda duk Kwame Nkrumah ne ya assasa su. Mu nan Kumasi muna da tamu, Ashanti Pioneer, wadda John Tsiboe da matarsa Nancy suka fara a 1939. Gwamnatin Nkrumah ta rufe ta a 1962 saboda adawa, ba ta sake fitowa ba sai bayan faɗuwarsa, da sunan Pioneer kawai. Waɗannan su ne kayan da muka ɗauka a ka da hammata tsakanin 1965 da 1972. Mu bakwai ne 'yan Zango a hannun maigida ɗaya, ƙaraminmu ɗan shekara tara, babbanmu bai wuce sha uku ba.

Maigidanmu ba Bahaushe ba ne, Bafante ne, tsohon akawun reluwe da ya yi ritaya ya kama dillancin jarida a Adum. Masa muke ce masa. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, irin ta kasuwa, kuma dalilin da ya sa ya fi son yaran Zango shi ne wai mu ba sai an tashe mu ba, ladan ya riga ya yi masa wannan aikin. Gaskiyarsa ne. Ana idar da sallar asuba muke zabura daga Asawase da Aboabo da Alabar, mu gangara ta gefen babbar kasuwa cikin duhu, a ƙasa, wasu ko takalmi babu. Motar kamfani takan kwana a hanya daga Ankara, tafiyar fiye da mil 150, idan ba ta sami matsala ba muna isowa muna tarar da damman jarida a jibge a bakin shago, an ɗaure su da igiya, warin tawada yana tashi. Wanda ya taɓa aikin nan bai manta wannan wari ba. Masa yakan yanke igiya da wata 'yar wuƙa, ya lasa yatsa ya ƙirga wa kowa nasa, ya rubuta a wani dogon littafi mai baƙin bango. Kafin ka gama shirya naka tafin hannunka ya yi baƙi ƙirin, kuma idan ka yi kuskuren share gumi, haka za ka yi ta yawo cikin gari da fuska kamar ta mai sayar da gawayi.

Aikin iri biyu ne. Akwai masu talla, su ne ke tsayawa a Kejetia cikin motoci suna ƙwala kira, "Girafi! Tayims! Payoniya!" Akwai kuma masu kai wa gida-gida, waɗanda kwastomominsu ke biya a ƙarshen wata. Kowa ya fi son na gida-gida, domin babu tseren mota, kuma akan sami ɗan ihsani. Amma shi ma da nasa. Wanda aka ba layin Nhyiaeso, inda manyan ma'aikata da sauran Turawa suke, zai sha tafiya kuma zai sha gudun karnuka. Sa'arsa ɗaya, masu gadi da kukun gidajen nan yawanci mutanen Arewa ne da 'yan Zango, su kan riƙe kare, wani lokaci ma su miƙo guntun burodi da bota ta bayan gida. A Ashanti New Town da Fante New Town kuwa benaye ne, ka hau ka sauka har ƙafa ta yi tsami. Tonawa sukan kira mu Kiramo, wato Musulmi a bakinsu, mu kuma mu ce Wofa, mu ce Maame. Wasu su yi mana wasa, wasu su jefe mu da kalmar da ba ma so, mu haɗiye domin kuɗin wata yana hannunsu. A waɗannan matakalan muka goge a Tonanci, abin da ya yi wa ɗayanmu rana daga baya, kamar yadda mai karatu zai gani.

Ladan aikin bai taka kara ya karya ba. La'ada ce 'yar kaɗan a kan kowace jarida, abin da zai sayi koko da ƙosai, a kai wa Mma sauran ta ƙara a cefane, ranar Asabar kuma idan an yi tsimi a shiga siliman. Babban abin tsoro biyu ne, ruwan sama da canji. Ruwan Kumasi ba ya sallama. Idan ya jiƙa maka kaya, Masa ba ya karɓar jiƙaƙƙiyar jarida a matsayin kwantai, kai za ka biya, saboda haka sau da yawa mun tuɓe riga mun lulluɓe takarda, mu kuma ruwa ya ƙare a kanmu. Shi kuwa canji, zamaninmu ne aka sauya kuɗi har sau biyu. A Yulin 1965 aka bar fam da sule aka shigo da sidi da pesuwa, a Fabrairun 1967 kuma aka kawo sabon sidi, wanda babu hoton Nkrumah a jiki, darajarsa sule goma. Tsofaffi ba su bar lissafin sisi da taro da kwabo ba. Sai tsoho ya ba ka sabon kuɗi ya ce ka ba shi canji da tsohon lissafi, idan ka yi gardama ya ce yaran zamani ɓarayi ne. Lissafin da muka iya a duniya a nan muka koye shi, kuma da asara muka koya.

Idan da yau ne, da hukuma ta kama Masa. Dokar yara ta 1998 ta ce sai ɗan shekara 13 zai yi ko da aiki mara nauyi, ta kuma hana sa yaro aiki tsakanin ƙarfe takwas na dare da shida na safe. Ba ma jayayya da wannan doka, kuma babu ɗayanmu da ya bar ɗansa ya yi abin da muka yi. Mun ga yaron da mota ta taka wa ƙafa a Kejetia, ba daga cikinmu ba, har ya girma yana ɗingishi. Mun sha bulalar malam saboda muna zuwa makarantar allo a makare, muna gyangyaɗi a kan allo. Amma ya kamata matasa su san halin da ake ciki a lokacin. Yawancin makarantun boko na mishan ne, iyayenmu kuwa suna tsoron a juyar musu da 'ya'ya, saboda haka a cikinmu mu bakwai biyu ne kawai suka taɓa zama a aji. Sashen kula da makarantun Islamiyya na ma'aikatar ilmi bai zo ba sai 1987, lokacin mun riga mun zama magidanta. Da ba mu ɗauki jarida ba, da kaya za mu ɗauka a kasuwa, ko mu yi yaran mota. Bambancin shi ne kayan da muka ɗauka akwai rubutu a jikinsu.

Da farko ba mu san abin da muke sayarwa ba. Masa ne yakan karanta babban kai ya gaya mana abin da za mu yi shela da shi, mu haddace kamar karatun aku. Ƙwallo ce ta fara jan mu. Kowane ɗan Zango a lokacin Kotoko yake so, kuma sunan Baba Yara, ɗan unguwa wanda haɗarin mota ya kwantar tun 1963, kamar sunan yayanmu ne a gida. Mun fara gane siffar kalmar Kotoko kafin mu san harufanta, sai Hearts, sai lambobin ci. Daga shafin baya muka matso ciki, zuwa sanarwar rasuwa da hotunan mamata, saboda jimlolinsu gajeru ne kuma kullum iri ɗaya. Da Masa ya lura muna leƙe, sai ya mayar da shi doka: duk wanda ya dawo da kuɗi da hantsi, ba zai karɓi la'adarsa ba sai ya karanta masa layi uku. Ba don tausayi ya yi ba, a faɗarsa, wai ya gaji da yaran da ke kai wa mai Times Girafi. Ko ma don me ya yi, Allah Ya saka masa. A ranar da Baba Yara ya rasu, cikin Mayun 1969, da kanmu muka karanta labarin muna kuka a bakin shago. A Janairun 1971 kuma, da Kotoko ta ɗauko kofin Afirka daga Kinshasa, babu wanda ya dawo da kwantai ko ɗaya.

Marigayin da muka binne shi ya fi mu kai. Shi aka ba layin Zango, wanda kowa yake gudu saboda kwastomomi kaɗan ne, ga yawan bashi. Jarida ɗaya takan zaga mutum ashirin. Wani tela a Asawase yana saye kullum, ba don ya iya karantawa ba, sai don shagonsa ne majalisar dattawa, kuma idan an gama da ita yana yanka samfurin riga a jikinta. Da hantsi sai a zaunar da yaro a kan buhun ƙyalle, a ce, "Kai ɗan Girafi, me Nasara ya ce yau?" Su har lokacin duk abin da aka rubuta da Turanci maganar Nasara ce, ko da Nasara ya daɗe da tafiya. Shi kuma ya bi layi da yatsa yana juyawa da Hausa. Wani daga cikinmu, wanda yana nan da rai kuma ba za mu tona shi ba, ya taɓa riƙe masa layin na mako ɗaya, da Turanci ya gagare shi sai ya riƙa duban hoto yana shirya labari da ka. Ya kwana uku yana cin kyautar goro da kwabbai kafin wani akawun kanti ya zauna a majalisar ya ji shi yana aurar da wani minista da aka ɗauka hoto wajen buɗe asibiti.

Dattawan nan suna jin Sashen Hausa na BBC da na rediyon ƙasa, amma magana a iska take, sun fi yarda da abin da aka buga aka ga hoto. Cikin azumi, a Janairun 1966, muka kawo musu hoton Sardauna da na Abubakar Tafawa Ɓalewa, majalisa ta yi tsit, wasu suka tashi ba sallama. Bayan mako shida, ranar Alhamis 24 ga Fabrairu, muna tsakiyar rabo sai gari ya ruɗe, rediyo ta ce soja sun tumɓuke Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, kuma jagoransu Kotoka nan Kumasi yake riƙe da runduna. Jaridar da ke hammatarmu an buga ta tun dare, ba ta san an yi juyin mulki ba. Kafin mako ya zagayo, takardun da muka saba jin suna kirarin Osagyefo su ne ke kiransa azzalumi. Wani tsoho ya tambayi abokinmu ko an sake masu rubutun ne, ya ce shi dai sunan jaridar bai sake ba. Daga nan sai taron Aburi a Janairun 1967, inda Gowon da Ojukwu suka zauna a ƙasarmu, sai yaƙin basasar Nijeriya, wanda majalisar tela ta bi kamar a bayan gida ake yi.

Sau ɗaya-ɗaya direbobin goro sukan dawo daga Kano ko Ikko da tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, shekara ɗaya da Pioneer, Abubakar Imam yana editanta. Takan iso ta yi wata guda, ta sha maiƙo, amma ranar da muka fara haɗa harufanta muka ji Hausa tana fita daga bakinmu, sai da tsikar jikinmu ta tashi. Mu a zatonmu Hausa sai da ajami, boko kuwa na Turanci ne kaɗai. Hausar cikinta ta fi tamu nauyi, akwai kalmomin da sai mun tambayi tsofaffi, su kuma su yi ta yi mana dariya wai Tonanci ya cinye mana harshe.

Yanzu mun zo kan abin da ya sa muka ce wurin makoki ba zai ɗauki bayanin ba. A Agustan 1969 aka yi zaɓe, jam'iyyar Dokta Kofi Busia ta ci kujeru 105 cikin 140, soja suka miƙa mulki. Kumasi ta yi murna, kuma Zango ba a bar ta a baya ba, domin da yawa daga iyayenmu tsofaffin 'yan adawar Nkrumah ne. Ba su manta ba cewa a 1957 gwamnatinsa ta kori Alhaji Amadu Baba, wanda Zango ta sani a matsayin sarkinta, zuwa Nijeriya. Sun ɗauka nasu ne suka hau. Ranar Talata 18 ga Nuwamba 1969, azumi yana da kamar kwana bakwai ko takwas, gwamnati ta ba da umurnin da har yau muke kira Eliyans: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin kwana 14, ko ya bar ƙasa. Wa'adin zai cika 2 ga Disamba.

Washegari bayan sahur da asuba muka gangara Adum kamar kullum. Masa ya yanke igiya, ya zaro ɗaya, ya daɗe yana duba. Bai lasa yatsa ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Yara, yau ba kira. Ku kai kawai." Ba mu gane ba sai da muka karanta da kanmu a ƙarƙashin fitilar titi, kuma ko da muka karanta ba mu ɗauka da mu ake ba. Baƙo ai shi ne wanda ya zo jiya da jakarsa. Mu a Asawase aka yanke mana cibiya.

Da hantsi wasunmu muka bi abokinmu shagon tela. Ba a taɓa cika irin ta ranar ba, har bakin titi. Cikin masu tsaye akwai mahaifinsa, mai ɗaurin huhun goro, wanda ya zo ƙasar nan yana yaro tare da fatake daga wajen Kano, zamanin da duk ƙasashen biyu a hannun Ingila suke kuma babu mai tambayar kowa takarda. Yaro ya hau buhu ya karanta, ya juya da Hausa, muryarsa tana rawa. Uban ya ce, "Har da mu?" Ya ce, "Baba, cewa aka yi duk wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ba shi da takarda." Ya ce, "Kai da aka haifa a nan fa?" Yaro ya duba sama ya duba ƙasa bai ga amsa a shafin ba. Uban ya ce, "Sake karantawa, wataƙila ka tsallake layi." Sau uku ya karanta. Amsar ta zo daga baya, daga bakin masu sani: haihuwa a nan kaɗai ba ta isa ba, sai an duba inda aka haifi na gaba da kai.

Gwamnati ta ba da dalilanta, rashin aikin yi ga 'yan ƙasa, da ciniki da ya koma hannun baƙi, da fasa-ƙwauri, da aikata laifuffuka. Ba mu ce hukuma ba ta da ikon sanin wanda ke cikin ƙasarta ba. Abin da muka gani da idonmu shi ne mako biyu ba ya isar mutumin da ya shekara arba'in a wuri ya samo fasfo daga ƙasar da bai san kowa a ofishinta ba, sa'an nan ya samo izini. Wasu suka tafi Ankara suka kwana a layi suka dawo hannu wofi. Yarbawa masu rumfuna a babbar kasuwa, da Zabarmawa, da Mosawa, da Kotokoli, da Hausawa, kowa ya shiga ɗaurin kaya da bakin azumi. Keken ɗinki, gadon ƙarfe, tukwane, har gidaje, an sayar da su a kuɗin da bai kai a faɗa ba. Akwai maƙwabta Tonawa da suka riƙe wa mutane amanar gida da kaya shekara da shekaru, akwai kuma waɗanda tun mai ɗaki bai fita ba suke auna ƙofa. A cikin Zango ma an sami masu nuna ɗan'uwansu da yatsa. Fiye da mutum 100,000 suka bar ƙasar, gonakin koko suka rasa leburori, a 1970 kuma aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'in ciniki ga 'yan ƙasa.

Akwai abin da muke jin nauyin faɗa, amma tunda mun ɗauki alkawari sai mu cika. Ba mu taɓa samun kuɗi a aikin jarida kamar na waɗannan makonni biyu ba. Mutanen da ba su taɓa sayen Girafi ba suna tare mu a hanya, su saya, su ce karanta mini, ko an ƙara wa'adi, ko an ce ban da tsofaffi, ko an ce ban da masu gida. Har kyauta suke ba mu idan labarin ya yi dama-dama. Mun karɓa. Yara ne mu, kuma Salla tana tafe.

Uku daga cikinmu suka tafi. Ɗaya Bazabarme ne, aka nufi Nijar da shi, ɗaya Kotokoli, aka tsallaka Togo, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba har yau. Na ukun shi ne ɗan mai goro. Ƙarshen wata ne, ya riga ya tara kuɗin kwastomomin layinsa, sidi huɗu da 'yan pesuwa, bai kai wa Masa ba. Kuɗin mota ya ninka, uban bai da cikon na mutum shida, cikin dare ya ce ya kawo abin da ke aljihunsa. Da asuba muka biya masa muka tarar da ɗaki a buɗe, sai tabarma ɗaya da tulu. Aka yi Sallar azumi bayan kwana tara ko goma da cikar wa'adi. Telan nan ya rataye rigunan yara da aka ba shi ɗinki aka biya rabi, sun fi wata shida a jikin ƙusa kafin ya sauke. A littafi mai baƙin bango kuwa Masa ya bi sunayen kwastomomin da suka tafi da bashi yana jan layi a kai, shafi bayan shafi, yana tsaki. Da ya zo kan sunan abokinmu sai ya tsallake. Muka ce, "Masa, ai shi ma ya tafi." Ya ce ya sani.

Mu da muka rage mun ci gaba har zuwa 1972, shekarar da Acheampong ya kifar da Busia, sa'an nan girma ya raba mu da aikin. Ɗan karatun nan ne ya sa ɗayanmu ya sami aikin sito, ɗaya ya zauna bakin gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa, mai riƙe da alƙalamin nan kuma ya shiga makarantar dare. Wani abu kuma da ya bi mu shi ne ajiyar takarda. Duk wanda ya ga Eliyans, za ka same shi da gwangwani ko jaka cike da takardar haihuwa, da rasit na haraji, da tsohon katin zaɓe, kuma yakan matsa wa 'ya'yansa su yi rajistar kowane jariri tun kafin suna. Matasa suna ce mana mun cika tsoro. Amma kuma su ne ke dawowa daga wajen yin katin ɗan ƙasa ko fasfo suna ba mu labarin yadda aka dubi sunansu aka ce, to, kakanka daga ina ya zo?

Abokinmu bai zauna a Kano ba. Dangin da uban yake tunawa sun watse, shi kuma Hausarsa ta Zango ta sa yara suna kiransa ɗan Gana. Da ya tasa sai ya gangara Ikko, ya zauna a Agege cikin 'yan goro, ya koyi mota. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka kamo hanya. Shi ba wanda ya kore shi, amma maƙwabta sun san shi da ɗan Gana, shi ma kuma haka ya san kansa. Ya bi ayari ta Kwatano da Lome har Aflao. A inda ake tantance masu dawowa aka yi masa tambaya da Tonanci, ya amsa da irin wanda ya koya a benayen Ashanti New Town, aka ce ya wuce.

Shekarar yunwa ce, ga fari ga gobarar daji, burodi ma sai an yi layi. Bayan ya huta 'yan watanni sai ya ce mu raka shi Fante New Town. Muka tarar da Masa a kan kujerar malam-buɗe-littafi a baranda, ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari. Abokinmu ya durƙusa ya faɗi sunansa, ya zaro sidi biyar ya sa masa a hannu, ya ce, "Masa, kuɗin Nuwamba ne, na layin Zango." A lokacin sidi biyar ko burodi ɗaya ba za ta saya ba. Tsoho ya shafa kuɗin, ya kira jikarsa ta ɗauko littafin daga ƙarƙashin gado. Ya ce shi ba ya gani, mai bashi ya nemo sunansa da kansa ya ja layi. Ya nemo ya ja. Masa ya laluba aljihu ya ba shi canjinsa har pesuwa, sa'an nan ya miƙo masa jaridar ranar, wadda zamanin Rawlings aka mayar People's Daily Graphic, ya ce tun safe take ajiye babu mai karanta masa. Abokinmu ya gyara zama a kan matakala, ya fara daga shafin baya, wajen labarin Kotoko.